'Yar Tirela da Kayan Umma

Ranar da maigidana ya ce mini ya sayi tirela ina kicin ina yanka albasa. Na ajiye wuƙar na juyo na dube shi. A Kano inda na tashi, idan aka ce wane ya sayi tirela kowa ya san ya shiga harkar sufuri ke nan: doguwar mota mai ɗaukar siminti ko buhunan hatsi. Shi kuwa ma'aikacin asibiti ne a unguwar Camberwell, nan London, a sashen da ake ɗaukar hoton ƙashi, ko tayar motarsa bai cika canzawa da hannunsa ba.

"Tirela kuma? A ina za ka ajiye ta?"

"A ƙofar gida mana."

"Council, hukumar unguwa, za su bar ka?"

Ya yi dariya ya ce ba irin waccan ba ce, ƙarama ce, ta zuwa kwana a daji. Wannan bayanin ya fi na farkon rikita ni. Muna da gida a unguwar Plumstead, da gadaje, da ruwan zafi, ban ga abin da zai kai mu daji ba. Ya ce 'ya'yanmu mata biyu sun daɗe suna damunsa, duk ƙawayensu na makaranta iyayensu na kai su irin wannan hutun, kuma shi ma yana so ya farka wata safiya bai ji jiniyar motar asibiti ba. Wata abokiyar aikinsa ce za ta yi ritaya take sayar da tata, sai ya karɓa.

Da ya jawo ta ran Asabar na fito na gani. Wani farin akwati ne mai taya biyu, bai kai tsayina ba, da dogon ƙarfe a gaba kamar wuya, wanda ake maƙalawa a wata ƙugiya da ke bayan mota. Ya ɗaga rufin sama sai ga shi ya zama ɗaki. A ciki akwai benci biyu suna kallon juna da ɗan tebur a tsakiya, in an sauke teburin duka ya zama gado. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya kama zuciyata ma'ajiya ce. Ƙarƙashin kowane benci dogon akwati ne, ga ƙaramin kabad, ga durowa ƙarƙashin murhu, ga babban akwati a gaba a kan wuyan, ga wani a can baya. Ni da na yi shekaru ina faɗa da ƙarancin wuri a gidajen London, ina cusa tukwane ƙarƙashin matakala, sai ga wurare a buɗe ba kowa a ciki. Nan take na ji ina son abin.

A bazarar nan mahaifiyata, da muke kira Umma, ta zo daga Kano don a duba mata gwiwa. Tun a waya na gaya mata ya sayi tirela, ta yi ta sa albarka, kafin in samu in gyara zancen har ya kai kunnen ƙannenta, wata ma ta kira ni tana nema wa mijin 'yarta aikin tuƙi. Da Umma ta iso sai ta ga abin da idonta. Ta zagaya shi da sandarta, ta sa aka buɗe mata kowane akwati ta leƙa.

"Wanda ya ƙera wannan ya yi tunani," ta ce. "Ko'ina ka taɓa ma'ajiya."

Ya kamata in faɗi yadda Umma da maigidana suke. Tun da aka yi aurenmu gaisuwa ce kawai a tsakaninsu. Zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon bango. Duk wata magana bayan wannan ta bakina take bi, ko da kuwa muna ɗaki ɗaya. "Ki tambayi maigidan ko ya ci abinci." "Ki ce wa Hajiya na gode." Na saba da haka, kuma bai taɓa zame mini wahala ba sai a kan tirelar nan.

Ya kama mana wuri a wata gona da ke kusa da teku, inda ake ba mutane fili su kafa tanti, na 'yan kwanaki. Umma ta ce da ita za a je, ba za ta zauna ita kaɗai tana kallon bango ba. Kuma tun da za a je, shirin kaya nata ne. Ta fara da tambayata ko akwai kasuwa a can. Na ce ban sani ba. Ta ce akwai mutane? Na ce za a samu wasu a nasu tantin kusa da mu.

"To ai sai a dafa da su," ta ce.

Daga nan rabin buhun shinkafa ya shiga akwatin gaba, babbar tukunyar da nake dafa abincin salla ta bi shi. Ta sa man gyaɗa da manja, da albasa, da doya, da gwangwanayen tumatir. Ta ce ba ta yarda za a samu ruwan alwala a tsakiyar gona ba, sai muka cika manyan jarkoki. Bargunan nan masu kauri da ta taɓa kawo mana tsaraba daga Makka duk ta sa an sauko da su, saboda an gaya mata bakin teku da sanyi. Har ɗan ƙaramin turminmu na dakan attaruhu ta nema masa lungu. Ni ina miƙa mata, ina jin daɗin yadda komai ke samun wurin zama. 'Yan matan ma suka kawo nasu, littattafai da takalma da wasu kujeru masu naɗewa. Da muka gama akwai ma sauran wuri.

Da yamma maigidana ya dawo daga aiki. Da, da hannu ɗaya yake ɗaga wuyan tirelar ya tura ta inda yake so. Ranar ya kama da hannu biyu ya yi nishi, ko motsi ba ta yi ba. Umma tana zaune a taga tana kallo. Ya shigo kicin ya turo ƙofa.

"An cika ta da yawa."

"Ai ba ta cika ba. Ƙarƙashin bencin hagu ma rabi ne."

"Ba zancen wuri nake ba, zancen nauyi nake."

"To me ya sa suka yi ma'ajiyar in ba za a cika ta ba?"

Ya ce an yi ta ne don kaya marasa nauyi, irin su filo da tufafi da bargo. Na ce to bai ɗaga bargon Umma ba ne. Sai ya ja ni waje ya nuna mini wani ɗan faranti na ƙarfe a jikin wuyan tirelar mai lambobi. Ɗaya nauyinta ne in babu komai a ciki, ɗaya kuma iyakar da ba a yarda ta wuce ba. Abin da ke tsakaninsu shi ne rabonmu. Amma tukunyar gas da batir da safayar taya da rumfar da ake haɗawa a gefe duk sun riga sun ci daga wannan rabon, abin da ya rage bai fi nauyin mutum ɗaya mai jiki ba da ɗan ƙari.

Na ce to a mayar da shinkafar but ɗin mota. Ya buɗe ƙofar motar ya nuna mini wani farantin, shi kuma da nasa lambobin. Motar ma tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kuma mu biyar za mu zauna a ciki. Sannan akwai iyakar abin da za ta iya ja. Sannan akwai iyakar su biyun in an haɗa. Ina ƙoƙarin riƙe waɗannan sai ya ƙara da cewa nauyin da wuyan tirelar ke danna ƙugiyar mota da shi, shi ma da ƙa'idarsa: kada ya yi yawa, kada kuma ya yi kaɗan.

"Kada ya yi nauyi, kuma kada ya yi rashin nauyi?"

"Haka suka ce."

"Su wa?"

Ya nuna mini wayarsa. Ashe kwana da kwanaki yana karanta abin da masu irin wannan tirela ke rubutawa, kuma su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wani ya ce kaza, wani ya ce wancan bai san komai ba. Na lura shi ma yana mini bayani ne yana sake duba lambobin, kamar mai fatan su canza. A ƙarshe ya ce in gaya wa Hajiya, amma a hankali.

Na same ta tana jan carbi. Na ce, "Umma, wai kayan sun yi nauyi."

"Wa zai ɗauka a ka? Ba mota ce za ta ja ba?"

Na ce motar ce wai ba za ta iya ba. Ta ce ita ta shiga motocin kasuwar ƙauye tun ba a haife ni ba, da buhuna har sama da mutane a kan buhunan, kuma an je an dawo. Na ce nan akwai doka. Ta ce doka ta hana mutum tafiya da abincinsa? Ni ma a raina tambayar da nake yi ke nan.

"Ki ce wa maigidan na duba, ban ga inda ta lotsa ba."

Na koma na ce masa Umma ta ce za ta duba. Ya ce in ce mata ko ruwan kaɗai a rage. Na je na faɗa, ta ce ruwa ne abu na ƙarshe da matafiyi zai rage. Haka na yi ta kai da kawowa tsakanin falo da kicin, ina ɗauke da saƙon da ni kaina ban gane ba. In ina gabansa sai in ga yana da gaskiya, tunda ga lambobi a rubuce a ƙarfe. In na koma gabanta sai in ga ita ce mai gaskiya, tunda ga wuri a buɗe, ga kuma taya.

Washegari ya fito da sikelin banɗaki, wanda muke auna kanmu da shi. Ya ajiye shi a ƙasa, ya tsayar da guntun katako a kai, ya sauke wuyan tirelar a hankali a kan katakon. Allurar ta zarce inda ya ce ya kamata ta tsaya, ta yi nisa. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya buɗe akwatin gaba ya ɗauko shinkafar ya kai akwatin baya. Allurar ta ja baya kaɗan. Ya kwashe jarkokin ruwa su ma ya kai can ƙurya ta baya, da babbar tukunya. Allurar ta sauko ta zauna daidai inda ake so.

Umma tana tsaye a bakin ƙofa. "Kin gani ko," ta ce da ni. "Dama gyaran zama kayan ke so. Ki ce masa sannu da aiki."

Na ji daɗi ƙwarai, don ba a cire komai ba kuma sikeli ya yarda. Shi dai fuskarsa ba ta saki ba. Ya ce mini a hankali sikelin wuyan kawai ya auna, bai auna tirelar duka ba. Na ce to ba wuyan ne ke taɓa motar ba? Ya buɗe baki zai yi bayani, ya duba agogo, lokacin tafiyarsa aiki ya yi. Kafin ya wuce na ga ya zare gwangwanayen tumatir da doya ɗaya ya shigar da su gida ta ƙofar baya.

Ran Juma'a da safe muka tashi. Unguwarmu a kan tudu take, muka gangaro a hankali, ina jin motar tana wani gurnani da ban san ta da shi ba. Cikin gari dai lafiya, don cunkoso bai bar kowa ya yi gudu ba. Umma tana baya tsakanin jikokinta tana tambayar sunan kowace unguwa, suna amsa mata da Turanci tana mayar musu da Hausa. Da muka hau babbar hanya ya ɗan ƙara wuta, muka yi tafiya mai ɗan nisa ba abin da ya faru, har na fara kwance ledar dambun nama.

A wata gangara ce abin ya faru. Wata tirela ta gaske, irin wadda na zata ya saya, ta zo ta wuce mu ta dama. Iskarta ta buge mu, sai na ji kamar wani ya kama motar ta baya yana girgiza ta. Ta yi hagu, ta yi dama, ta sake yin hagu, kowane karo ya fi na baya. A madubin gefena ina ganin farin akwatin nan yana leƙowa yana ɓacewa.

"Taka birki," na ce.

"A'a. Kowa ya yi shiru."

Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu bai juya shi ba, ya ɗage ƙafarsa daga totur kawai. Ina jin Umma tana ta Hasbunallahu a hankali, ta riƙe hannayen yaran. Ban san tsawon lokacin da abin ya ɗauka ba. Girgizar ta fara raguwa, ta ragu, har motar ta miƙe. Daga baya ya yi mini bayanin dalilin da ya sa ba a taka birki a irin wannan hali, har sau biyu, amma har yau in na tuna ƙafata ce ke neman birki.

Muka lallaɓa a layin hagu kamar masu rakiyar gawa har muka kai wurin da matafiya ke tsayawa su sha mai su huta. Ya tsaya a can gefe inda masu manyan motoci ke ajiyewa, ya fita ya zagaya tirelar yana taɓa tayoyin. Ya dawo ya tsaya a jikin tagata ya ce kayan da ya mayar baya ne, sun sa gindinta ya fi gabanta nauyi, shi ya sa take kaɗa wutsiya. Na ce ba sikeli ya ce daidai ba? Ya ce sikelin ya faɗi gaskiya, amma nauyin bai kamata ya taru a ƙarshe ba, ko gaba ko baya, a tsakiya ake so a kan tayoyi, kuma ko an yi hakan ma kayan sun yi yawa. Na ce to jiya da allurar ta zauna daidai, me muka auna ke nan?

Umma ce ta yi magana daga baya. "Ki tambaye shi, me ya fi nauyi a ciki?"

Kafin in buɗe baki ya ce, "Ruwan ne, Hajiya. Sai shinkafar."

"To a zubar da ruwan."

Ba ta ce in ce masa ba. Ni da 'yan matan muka dubi juna. Ita kuwa ta gyara mayafinta ta ce in taimaka mata ta fito, ƙafarta ta sage.

Zubar da ruwan ma sai da aka yi shawara. Ta ce ba za a kwarara shi a kwalta ba kamar marasa godiya. Duk muka yi alwala da shi tukuna, sannan ta sa yaran suka bi wasu 'yan shuke-shuke da ke bakin wurin suna ba su, alhali ko a daren jiya an yi ruwan sama. Shi kuma ya fito da komai ya jera a ƙasa. Ban san mun ɗebo kaya haka ba sai da na gan su a fili. Wasu tsofaffin Turawa miji da mata suka zo wucewa da karensu, suka rage tafiya suna kallon tukunyar, suka yi mana murmushi suka wuce.

Matsalar ita ce ko an zubar da ruwan akwai sauran abin ragewa, kuma ba a zubar da abinci, ba a kuma barin kaya a irin wurin nan. Ya kira wani amininsa da ke Woolwich, ɗan Zariya, ya ce zai zo amma sai an sauko daga masallaci. Muka zauna jira. Muka ci dambun naman da burodi. Umma ta zauna a ɗaya daga kujerun nan masu naɗewa, aka riƙa kawo mata kaya ɗaya bayan ɗaya, tana ɗagawa da hannunta ta ji nauyinsa kafin ta yanke hukunci. Ta auni shinkafar da za ta ishe mu a leda, sauran ta ce a mayar. Babbar tukunyar ta daɗe tana kallonta kafin ta tura ta gefen masu komawa. Barguna ta bar biyu. Da aka zo kan turmi ta karɓa ta ɗora a cinyarta.

"Wannan ba a tirela zai zauna ba, ni zan riƙe."

Na dubi maigidana, don na tuna ya ce abin da ke cikin motar ma ana lissafa shi. Ya kawar da kai yana naɗe igiya.

Ya sake shirya kayan da kansa. Masu nauyi ya sa su a ƙasa a tsakiyar ɗakin, daidai kan tayoyi, inda ba ma'ajiya ba ce ma, wurin taka ƙafa ne. Akwatunan da aka yi don ajiya kuwa, na gaba da na baya, tufafi da tawul kawai ya zuba, suka zauna rabi babu komai, har sai da ya cusa filo don kada abin da ke ciki ya riƙa yawo. Na tsaya ina kallon tulin kayan da za a mayar gida a gefe guda, da akwatunan da ke hamma a ɗaya gefen. Na kasa haɗa abin a kaina. Sikelin kuma mun baro shi a banɗaki, don haka da ya gama sai ya kama wuyan da hannu ya ɗaga ya sauke, ya sake ɗagawa, ya ce yana jin ya yi.

Aminin nasa ya iso da rigar Juma'arsa. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya kwashe kayan ya zuba a motarsa, sannan ya ja maigidana gefe. Ina jin yana tambayarsa wai lafiya dai, ko wani abu ya samu gidan ne. Ya ce masa hutu za mu je. Mutumin ya dubi tirelar, ya dube mu, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Sauran tafiyar ba ta sake girgiza ba, amma ba wanda ya saki jiki. Duk babbar motar da ta taho sai in ji Umma ta fara addu'a tun kafin ta iso. Muka isa gonar da la'asar. Abu na farko da na gani a gefen filin da aka ba mu famfo ne, da ruwa mai sanyi yana zuba da ƙarfi. Can bakin ƙofa kuma ga ɗan shago ana sayar da ƙwai da madara da burodi. Ban nuna wa Umma ba, ita ma ta yi kamar ba ta gani ba.

Da aka zo kafa rumfa aka nemi gudumar buga turaku aka rasa. Ashe tana cikin babbar tukunyar da ta koma London. Tabaryar turmin ma a can take, don haka abin da Umma ta riƙo a cinya tun daga hanya bai yi mana aikin komai ba, sai 'yar autarmu ta kife shi ta mayar da shi kujera. Wata mata a tantin da ke kusa da mu ta ara mana guduma. Da na dafa shinkafa a ƙaramar tukunya, sau biyu don ba ta ɗauka gaba ɗaya, Umma ta sa aka zuba a faranti aka kai mata. Matar ta karɓa tana ta tambayar babbar 'yata ko wani biki muke yi. Can anjima ta dawo da farantin a wanke da biskit a ciki.

Mun ci gaba da zuwa irin wannan hutun a shekarun da suka biyo, kuma na iya shirya tirelar yanzu, amma iyawar hannu ce kawai. Na san gas da abinci a tsakiya, tufafi a gefe, ruwa sai an isa. In aka ce in faɗi dalili sai in fara in ɓata a hanya. Bayan wannan tafiyar ta farko maigidana ya kai ta wani wuri da ake auna manyan motoci, babu komai a cikinta, aka ce masa ta fi abin da ke rubuce a farantin nauyi, saboda mai ita ta farko ta ƙara mata katako da wani ƙaramin firji. Ke nan duk lissafin da ya yi mini a ƙofar gida a kan lambar da ba daidai ba ya yi shi. Ya dawo yana gaya mini kamar wanda ya samo amsa, ni kuwa sai na ji ɗan abin da nake zaton na kama ma ya kuɓuce.

Umma sau ɗaya ɗin nan ta je. Ita da yaran suka kwana a cikin tirelar, mu muka kwana a rumfa. Da safe na fito na same ta ta riga kowa tashi, tana zaune a kujera da bargo a kafaɗarta, tana kallon wani fili da ke bayan shinge. Tumaki ne a ciki masu yawa, sun bazu har kan tudu, kowace da shuɗin fenti a gadon bayanta. Na kawo mata shayi na zauna a ciyawa kusa da ita.

"Tun da na idar da salla nake kallonsu," ta ce. "Ban ga mai kiwonsu ba."

Na ce wataƙila na mai gonar ne.

"To yana ina? Haka suka kwana a waje?"

Na ce ina jin haka ake yi a nan. Ta ce ba mai ɗauka? Na ce ban sani ba. Babbar 'yata ta leƙo daga tirelar da gashinta a hargitse, Umma ta tambaye ta, ta ɗaga kafaɗa ta ce da Turanci su dai kullum a nan suke. Umma ta kurɓi shayinta, ta ce in an jima in raka ta shagon nan na bakin ƙofa, tana so ta tambayi mai gonar da kanta, ni in fassara.